Dutsen Washi: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Sari Katan

Da zarar watan Zulƙida ya kama, duk mai sayar da kayan ƙarfe a kasuwannin bakin iyaka ya san abin da za a fara tambayarsa: wuƙa, barho, adda, gatari, sai kuma dutsen da za a wasa su. Haka abin yake a Konni ranar Laraba, haka a Maigatari ranar Alhamis, haka a Maraɗi Litinin da Juma'a, har can Mubi da Kusiri. Sai dai abin da muka daɗe da lura da shi shi ne, yawancin masu wannan haja sun san wuƙa ciki da bai, daga riƙe ƙota suna iya gane ta maƙera da ta kanti, amma idan aka zo ga dutse sai su sare shi kamar yadda ake sarin bulo, wato katan nawa, kuɗi nawa. Shi ya sa za ka ga mahauci ya sayi dutse yau, bayan kasuwa biyu ya dawo da shi ya yi rami kamar akushi, ya dire wa mai rumfa a gaban jama'a. Kuɗin dutse ɗaya ba wani abu ba ne, amma mahaucin da ya tafi da fushi yakan tafi da sauran rundawan layinsu gaba ɗaya.

Maganar kuma ta wuce ta riba. Hadisin Shaddadu bin Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbar da zai yanka, malamai kuma sun karhanta a yi washin a gaban idonta. To, magidancin da ba ya riƙe wuƙar yanka sai sau ɗaya a shekara, idan dutsen da aka sayar masa ba ya cin ƙarfe, ragon layyarsa ne zai sha wuya. Wajen fiɗa kuma yatsunsa ne a cikin haɗari, domin dakusasshiyar wuƙa sai an danna ta da ƙarfi, abin da aka danna da ƙarfi kuwa shi ke zamewa.

Me dutse ke yi wa wuƙa?

Washi ba komai ba ne illa kankare ƙarfe daga gefe biyu na bakin wuƙa har sai gefen biyu sun haɗu a siririn layi ɗaya. Ƙananan ƙwayoyin da ke jikin dutsen su ne ke wannan aiki, kowace ƙwaya tana jan ɗan tsagi a jikin ƙarfen kamar yadda garma ke jan kunya. Saboda haka abu uku ne ke bambanta dutse da dutse: taurin ƙwayar, girmanta, da kuma ƙarfin abin da ya riƙe ƙwayoyin wuri ɗaya. Wanda ya fahimci waɗannan uku ba ya buƙatar ya karanta rubutun Sinanci da ke jikin kwali.

Wani Bajamushe masanin duwatsu mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri a shekarar 1812, daga 1 zuwa 10, kuma har yau da shi ake aiki. Ƙwayar yashi, wadda masana ke kira kwaz, tana kan 7. Ƙarfen wuƙa na yau da kullum yana ƙasa da haka kaɗan. Wannan ne dalilin da ya sa kakanninmu suka yi ta washi da dutsen bakin rafi ba tare da sun sayi komai ba, kuma ya yi musu aiki. Dutsen da ya samu daga daskararren yashi, irin wanda ke kewayen Garwa da kwarin kogin Binuwai, yana wasa adda da lauje sosai idan aka dace da mai ƙwaya daidai wa daida. Manyan duwatsun nan irin na Damagaram kuwa, duk da taurinsu, ba su cika yin washi mai kyau ba, domin ƙwayoyinsu gauraye suke, wata babba wata ƙarama, kuma ba sa saki, sai fuskar ta yi santsi ta daina ci. Marmara ko ba a magana, ita ce wuƙa ke ci, ba ita ke cin wuƙa ba.

Baƙin dutsen nan ko mai ruwan toka da ya cika kasuwanninmu, mai fuska biyu, ba a haƙo shi daga ƙasa ba, gasa shi aka yi a masana'anta. Asalinsa daga Amurka ne. A shekarar 1891 wani mai suna Edward Acheson yana gwaje-gwajensa da wutar lantarki sai ya samu wani abu mai ƙyalli da tsananin tauri, ya raɗa masa suna Carborundum. Da yashi da gawayin kwal ake yin sa a cikin tanderu mai zafin da ya wuce digiri 2,000, kuma domin yawan lantarkin da aikin ke ci ne kamfaninsa ya koma kusa da gangaren ruwan Nayagara a 1895. Taurinsa ya ɗara 9 a ma'aunin Mohs. Yana cin ƙarfe da sauri, ƙwayarsa tana farfashewa tana fito da sabon kaifi, amma saboda haka ne ma yake saurin cinyewa ya yi rami. Sunan Carborundum ya zama kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu, don haka ganin sunan a jikin kwali ba ya nuna daga ina kayan suka fito.

Ɗan'uwansa shi ne wanda ake yi da sinadarin alumina, wanda ake samu daga ma'adinin da ake narka sanholo da shi, irin wanda ƙasar Gini ta yi suna wajen haƙowa. Taurinsa 9 ne. Yakan zo ja-ja, ko ruwan ƙasa, ko fari. Bai kai na farko saurin ci ba, amma ya fi shi riƙe shimfiɗarsa, kuma bakin da yake bari ya fi laushi. Wanda ya fi suna a wannan layi shi ne dutsen India na kamfanin Norton, wanda aka kafa a Amurka a 1885, kamfanin Saint-Gobain na Faransa kuma ya saye shi a 1990. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, India ɗin nan sunan haja ne, ba wai yana nufin daga ƙasar Indiya aka kawo shi ba. A ganinmu, idan mutum dutse ɗaya tak zai mallaka a gidansa, mai fuska biyu na alumina mai kyau ya fi komai dacewa da shi.

Akwai kuma na asali da ake haƙowa a ƙasashen waje, waɗanda jefi-jefi ake tsintarsu cikin kayan gwanjo. Na jihar Akansas ta Amurka kwaz ne zalla mai matuƙar laushi, a hankali yake ci, amma yakan wuce jikokin mai shi. Na yankin Filsalam a Beljiyam rawaya ne, wanzaman Turai sun daɗe suna ji da shi wajen aska. Na kewayen Kiyoto a Japan an rufe yawancin ramukan da ake haƙo shi, don haka ya zama kayan masu kuɗi. Duk wanda ya ga ɗan rawayan dutse manne da baƙi a bayansa cikin tarkacen gwanjo, kada ya yi saurin sayar da shi kuɗin goro.

Mutanen Japan sun maye gurbin nasu da dutsen ruwa na masana'anta, irin su King da Naniwa da Shapton. Shi wannan da gangan aka sassauta abin da ke riƙe ƙwayarsa, domin tana dakushewa ta saki, sabuwa ta fito. Yana ba da kaifi mai ban mamaki cikin ɗan lokaci, amma yana son lallaɓawa: galibinsu sai an jiƙa su minti 5 zuwa 10 har kumfa ta daina tashi, kuma sai ana daidaita fuskarsu a kai a kai. Kwaikwayonsa ne ya cika kasuwa yanzu, mai launi biyu, shuɗi da fari ko kore da fari, a kan ɗan katakon gora.

Na ƙarshe shi ne farantin lu'ulu'u, wato daiman, mai tauri 10. Farantin ƙarfe ne aka manna masa garin daiman na masana'anta, wanda kamfanin General Electric ya yi nasarar haɗawa a 1954, yau kuma ƙasar Sin ce ke yin mafi yawansa, musamman lardin Henan. Shi ya sa ya yi araha har ya iso rumfunanmu. Ba ya rami, ba ya fashewa idan ya faɗi, ba shi da nauyi. Aibinsa ɗaya ne: shafi ɗaya ne na ƙwaya, idan aka danne shi da ƙarfi aka ɓamɓare ta, sai ya zama farantin banza. Mai araha yakan yi sanƙo a tsakiya cikin ɗan lokaci a hannun mahaucin da ya saba dannawa.

Lambar da ke jikin kwali

A nan ne aka fi cutar ɗan kasuwa, shi kuma ya cuci mai saye ba da saninsa ba. Lambar nan 120 ko 240 ko 1000 tana nuna girman ƙwaya: ƙaramar lamba, ƙwaya mai kaushi, babbar lamba, ƙwaya mai laushi. Ƙwayar lamba 220 ta kusa kaurin silin gashin kai. Ta lamba 1000 a ma'aunin Japan ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Ta 6000 kuwa ido ba ya ganinta sam, fuskar dutsen kamar ta tangaran take.

Matsalar farko ita ce ma'aunin ba ɗaya ba ne a duniya. Turai na da nata mai harafin F ga duwatsu da P ga sanfefa, Amurka na da nata, Japan na da nata. A ƙananan lambobi duk sun yi kusa da juna, amma da an hau sama sai su rabu: abin da Turai ta rubuta F500 ya yi kusa da abin da Japan ke kira 1000. Matsala ta biyu kuwa ta fi muni, domin tawada ba ta ƙin takarda. Za ka ga dutse an buga masa 3000 da 8000, ka shafa shi ka ji yana kartar farce kamar bangon siminti. Mun fi ba da shawarar ɗan kasuwa ya ajiye sanfefa ta kirki kala uku a rumfarsa, misali P120 da P400 da P1200, ya riƙa gwada santsin kowane dutse da su da farcen babban yatsa. Ba awon masana ba ne, amma ya isa ya tona asirin ƙarya mai girma.

Sannan a sani, babbar lamba ba ta gyara wuƙar da ta mutu. Wanda ya ɗora dakusasshiyar wuƙa a kan dutse mai 6000 zai wuni yana gogawa, ya tashi da wuƙa mai ƙyalli wadda ba ta yanka tumatir. Mai kaushi, daga 120 zuwa 300, shi ke tayar da baki da share giɓi. Na tsakiya, daga 400 zuwa 1000, shi ke ba da kaifin aiki. Abin da ya wuce nan na aska ne da na masu aikin fata. Kashi mafi yawa na masu sayenmu ba su da buƙatar abin da ya wuce na tsakiya, don haka cika rumfa da manyan lambobi daskarar da jari ne kawai.

Kowa da dutsensa

Tambayar farko da ya kamata mai rumfa ya yi ita ce, Malam, me za ka wasa? Domin wuƙaƙen da ke yawo a kasuwanninmu ba ƙarfe ɗaya ba ne.

Wuƙar maƙera, wadda galibi da ƙarfen sifirin ɗin mota ko tsohon magagari ake ƙera ta, baƙin ƙarfe ce mai tsatsa, amma tana karɓar washi da wuri kuma tana ɗaukar kaifi mai kyau a kan kusan kowane dutse. Haka wuƙar nan ta ninkewa mai suna Douk-Douk, wadda ake ƙerawa a garin Tiyer na Faransa tun 1929, da Okapi wadda aka fara yi a Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Farar wuƙa maras tsatsa ta kanti kuwa, irin wadda ake zubowa daga garin Yangjiang na ƙasar Sin, ita ce mai gardama. Ƙarfenta yana da danƙo, idan aka wasa ta sai wani siririn leɓe ya lanƙwashe a bakinta, ka tura shi hagu ya koma dama, ya ƙi yankewa. Mai gida sai ya ɗauka dutsen ne ba shi da kyau. Maganinsa shi ne a sassauta hannu a shafar ƙarshe, ana juya gefe bayan kowace shafa, sannan a ja ta da baya a kan tsohuwar fata ko bayan kwali.

Wannan leɓen, ko da yake shi ne abin da ake son a kawar daga ƙarshe, shi ne kuma shaidar cewa washi ya isa. Idan mutum ya wasa gefe ɗaya, ya shafa yatsa daga bayan wuƙar zuwa bakinta a ɗaya gefen, ya ji ɗan kaushi tun daga gindi har tsini, to ya kai. Idan bai ji ba, kafaɗar wuƙar yake gogewa, bai taɓa bakin ba. Mai rumfar da ya koya wa mai saye wannan abu ɗaya ya rage wa kansa rabin ƙorafi.

Mahauci yana son dutse dogo mai faɗi, aƙalla santimita 20 a tsawo da 5 a faɗi, domin barho ba ya zama a kan ɗan guntun nan mai santimita 15. Kaifin da ke masa aiki mai ɗan haƙori ne wanda zai kama jijiya da fata, saboda haka 300 zuwa 600 ya wadatar. Mai kilishi, wanda ke shimfiɗa tsoka har ta yi kamar takarda, shi ne zai amfana da 1000. Wanzami da baduku su ne mutanen manyan lambobi da fata. Manomi mai adda, ko mai tambarin kada ce ko Tramontina ta Barazil, magagari da baƙin dutse mai kaushi sun ishe shi, domin ƙarfen adda da gangan ba a taurara shi sosai don kada ya karye a jikin itace. Tela kuma a gaya masa gaskiya: almakashi gefe ɗaya ake wasa masa, wanda ya goge cikinsa ya kashe shi.

Tunda mun ambaci wanzamai, bari mu ɗan ratse. Washi ba ya kashe cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, don haka askar da aka goga a dutse da fata tana nan da abin da ta ɗauko daga kan wani, sai an wanke ta an tafasa.

Sai maganar karkata. Masana suna cewa wuƙar girki ta Turai digiri 20 ake ba kowane gefe, ta Japan 15, abin sara kuma 25 zuwa 30. Ba wanda zai zauna a kasuwa yana auna digiri, amma akwai hanya mai sauƙi. A kwantar da wuƙar a kan dutse, a ɗaga bayanta kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗinta, wannan shi ne wajen digiri 20. Wato wuƙa mai faɗin santimita 3, bayanta ya tashi santimita 1. Idan aka ɗaga kashi ɗaya cikin huɗu, an samu 15. Wanda yake shakka ya shafa baƙar maka a bakin wuƙar, ya ja sau biyu a kan dutse, ya duba inda tawadar ta goge. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne hannu ya tsaya a wuri ɗaya daga fari har ƙarshe.

Kafin a biya kuɗi

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗan kasuwar da ya je sari a Kano ko Kwatano ko Lome, ya roƙi dillali ya buɗe katan, kuma kada ya ɗauki na sama, ya zaro daga tsakiya. Ya haɗa fuskar duwatsu biyu ya ɗaga su sama ya leƙa: idan haske na ratsawa, ɗaya daga cikinsu ba a miƙe yake ba. Ya riƙe dutsen da yatsu biyu ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa. Wanda ya gasu da kyau yana amsawa da ƙara kamar tangaran, mai tsagewa a ciki ko wanda bai gasu ba kuwa sai ya yi bus kamar busasshen tuwo. Ya karci gefensa da ƙusar: idan yana zubar da gari kamar bulon da aka yi wa rowar siminti, to wannan shi ne mai zama akushi. Ya duba layin da aka haɗa fuska biyu, ko akwai inda ya buɗe.

Daga nan ya ɗiga ruwa. Idan dutsen ya shanye nan take, busasshe ne, mai saye na da zaɓin ruwa ko mai. Idan ruwan ya dunƙule ya tsaya, an shayar da shi mai tun daga masana'anta. Gwaji na ƙarshe shi ne ya ja tsohuwar wuƙa a kai kamar sau 10. Dutse mai ci zai nuna baƙin layi, wato garin ƙarfe. Wanda ruwansa ya fito da launin dutsen kawai ba baƙi, kansa yake ci. Wanda kuma launinsa ya bi hannu, rini ne aka yi masa don ya yi kama da wani.

Dangane da mai da ruwa, ƙa'idar ita ce dutsen da ya sha mai ba ya komawa ruwa cikin sauƙi. Amfaninsu duka ɗaya ne, su ɗauke garin ƙarfe kada ya toshe fuskar dutsen. Amma muna roƙon masu rumfa su hana mutane zuba man gyaɗa ko manja, domin suna daskarewa su yi danƙo su toshe dutse. Baƙin man mota kuwa guba ne a wuƙar da za ta taɓa nama. Kafintoci na amfani da kalanzir, wannan nasu ne. Ga mahauci da uwargida, ruwa da ɗan sabulu ya wadatar. Dutsen da ya riga ya yi rami ma bai mutu ba: a zana masa layuka da fensir, a kife shi a kan shimfiɗaɗɗen daɓen siminti da ɗan yashi da ruwa, a yi ta murzawa har layukan su ɓace duka.

Inji da sauran dabaru

Injin washi na lantarki, da giranda irin ta masu walda, su ne suka fi kashe wuƙaƙe a garuruwanmu, kuma gab da Salla layi ake yi a gabansu. Faifan injin washi na lantarki yana juyawa kusan sau 3,000 a minti. Bakin wuƙa siriri ne, ba shi da inda zai kai zafi, don haka cikin ƙiftawar ido sai ya ƙone. Ƙarfe yana fara yin ruwan kara idan zafi ya ɗara digiri 200 kaɗan, idan ya kai wajen 300 sai ya koma shuɗi. Duk inda aka ga wannan shuɗi, taurin da maƙeri ya ba wuƙar lokacin da ya gasa ta ya tsoma a ruwa ko mai ya tafi, kuma ba dutsen da zai dawo da shi sai an cinye wurin gaba ɗaya. Wuƙar za ta fito da kaifi, ta yanka rago ɗaya, wajen fiɗa ta kwanta. Wanda ya zama dole ya kai wa mai inji, ya tsaya a kansa ya ga yana tsomawa a ruwa bayan kowace shafa. Mai faifan keke da ake juyawa da ƙafa ya fi sauƙin ɓarna, saboda bai kai wancan gudu ba.

Turawa sun daɗe da sanin wannan. Masu washin garin Tiyer a da, a ruf da ciki suke kwanciya kan katako bisa ƙaton dutse da ruwan kogi ke juyawa, dutsen kullum a jiƙe, har sukan ɗora kare a kan ƙafafunsu don ya ɗumama su lokacin sanyi. Na garin Shafil a Ingila kuwa, waɗanda ke washi a bushe a ƙarni na 19, ƙurar dutse ta riƙa cinye musu huhu, da yawansu ba su kai shekara 40 ba. Matasanmu da ke wuni kan inji ba takunkumi ba tabarau, wannan tarihin nasu ne. Kamfanin Tormek na ƙasar Suwidin, wanda ya faro a 1973, yana yin injin da faifansa ke juyawa kamar sau 90 kacal a minti cikin kwamin ruwa. Yana da tsada, ba na magidanci ba ne, amma ƙungiyar mahauta ko mai sana'ar washi a babbar mahauta na iya haɗa kuɗi su saya, kuma akwai kwaikwayonsa masu sauƙin kuɗi. Mai sayar da faifan inji kuma ya duba iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa, ya ƙwanƙwasa shi kamar yadda muka faɗa, domin faifai mai tsagewa idan ya tarwatse a kan inji yana iya kashe mutum.

Ɗan abin nan na roba mai tsaga da ake ja wuƙa a ciki, mata na son sa saboda sauƙi, kuma yana fita da sauri a rumfa. Haƙoran da ke cikinsa kankare ƙarfe suke yi, suna barin baki mai ƙaiƙayi, a hankali kuma su yi wa wuƙa ciki. Ga wuƙar yankan albasa mai araha ba laifi, amma a gaya wa mai saye kada ya sa wuƙar da yake ji da ita. Akwai kuma na'ura mai matsewa irin ta Lansky, mai ramuka huɗu na digiri 17 da 20 da 25 da 30, wadda ke riƙe wa mutum karkata. Tana taimakon wanda hannunsa bai faɗa ba, amma tana da jinkiri, kuma ba ta dace da dogon barho ba. Ba mu ga kasuwarta a wajen mahauta ba. Sandar ƙarfen nan mai ƙota da suke ratayawa a kugu ita ce abokiyar aikinsu, sai dai a tuna ba ta cire ƙarfen kirki, miƙar da bakin da ya lanƙwashe kawai take yi. Ranar da ta daina tayar da wuƙa, lokacin komawa dutse ya yi.

Abin da ya rage shi ne hanya. Dutse haja ce mai nauyi, kuɗin mota da na ƴan dako da na duwan yakan ci ribarta kafin ta iso, ga shi ba ta son jifa. Abin da ya faru a shekarun nan ya isa darasi: Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano kuma da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan yanayi mai albasa da mai tumatir kuka suke, mai dutse kuwa kayansa ba sa ruɓewa, jarinsa ne kawai ke kwana. Saboda haka ya fi kyau a saro da wuri, tun watan Shawwal, ba a fafe gora ranar tafiya. A sa kwali ko buntun shinkafa tsakanin dutse da dutse, kada a ɗora katan fiye da huɗu ko biyar a kan juna, kuma a ja kunnen yaran mota kada su wurgo shi daga saman kaya. Dutsen ruwa irin na Japan da kwaikwayonsa, idan an jiƙa shi don gwaji, a bar shi ya bushe a inuwa. Idan aka shanya shi a rana, ko aka bar shi a bakin iskar hunturu, bayansa kan riga cikinsa bushewa, sai ya tsattsage tun yana rumfa.